Yadda Na Yi Ta Kai Wayata Wanki

Komai ya lalace ne wata ranar Laraba cikin daminar 2009, lokacin da Badi'a ta ƙarasa mini maganar da ban taɓa faɗa mata ba.

Kafin in kai ku can, ku san wanda ke magana, don na lura masu karanta irin waɗannan labarai sun saba da 'yan mata masu kuka a kan matashi. Ni ba budurwa ba ne, matashina kuma ya yi tauri da yawa. Sunana Halilu. A Birnin Konni Mushe ake ce mini, wato malam a bakin masu Faransanci, kamar duk wanda ya taɓa riƙe alli a lakwal, makarantar boko. Na koyar a Alela, na koyar a Tajaye, na ƙare a nan, na ajiye aiki da ɗaki guda na littattafai da ciwon gwiwa. Matata Saude ta rasu. Ita ce mai maganar gidan. Iyaye ne suka haɗa mu, don haka ban taɓa zuwa zance ba, bayan aure kuma ita ke yin tambaya ta ba da amsa, ni ina gyaɗa kai a bayan jarida. Da ta tafi sai na tarar na yi furfura ban san yadda ake buɗe baki gaban mace ba, in ba ɗaliba ce da ta manta darasi ba.

Ɗiyata Karima, wadda ke aure a Malbaza, ita ta ga cewa zaman da nake yi ni da littattafai da ƙadangaru bai dace da mutuncin gidanmu ba. Ta sa mijinta ya sayo mini waya daga Sakkwato, baƙa, mai zamewa sama, mai ɗaukar hoto da murya, mai shiga intanet in rezo, wato sabis, ya ga dama, da wani ɗan kati a cikinta wanda bai kai farce ba. Na ɗauka kyauta ce. Ashe igiya ce. Da safe saƙo: “Baba ka karya?” Da rana: “Baba an ce rigar da ka sa Juma'a ba guga.” Da yamma: “Baba, Inna Badi'a ta hita takaba tun bara, ina dai hwaɗi ne.” Ta yi ta dai faɗi har na gaji, na sa hula na tafi.

Badi'a ƙawar Saude ce tun suna amare. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu. Tana sayar da atamfa da take saro wa daga tsallaken iyaka, da turaren wuta da take haɗawa da kanta, shi ya sa zaurenta kullum yana ƙamshi kamar ana shirin biki. Kujerun roba biyu, tabarma, atamfofi jere a kan akwati. Tana ɗaura ɗankwali a karkace, tana sa tabarau a ƙarshen hanci in za ta duba zane, ta kan manta ta cire shi in za ta duba mutum. Dariyarta ba ta da sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. Na yi shekaru ina ganinta a gidana ban lura da wannan ba. Da na lura sai na daina barci da rana.

Ba ni kaɗai na lura ba. Akwai Alhaji Chindo, mai motocin ɗaukar albasa, mutumin da shaddarsa ke riga shi sallama saboda ƙarar sitaci. Wayoyi biyu yake riƙewa, ɗaya ta Nijar ɗaya ta Nijeriya, yana amsa su tare. Yayan Badi'a kuma, Maikano, wanda ke noma a Tajaye, ya aiko cewa kafin azumi ta tsayar da mutum guda, ya gaji da jin ana cewa ƙanwarsa na da kujeru biyu a zaure.

Zuwana na farko na yi mata bayanin yadda ake yin siminti. Zuwa na biyu, tarihin rijiyoyin Adar. Ta saurara da haƙuri, ta ba ni zoɓo mai sanyi, ta raka ni ƙofa. Na koma gida na zauna na yi wa kaina hisabi. Ban taɓa shiga aji ban shirya darasi ba, me ya sa zan shiga zauren mace haka kawai kamar akuya? Sai na tuna wayar na ɗaukar murya.

Haka na fara. Bayan azahar in zauna a tsakar gida, in jingina wayar da buta, in yi mata magana kamar ita ce Badi'a. In saurara, in gyara. Kuma da yake malami ne ni, ba na barin kuskure ya wuce ko da nawa ne. In na yi tuntuɓe sai in ce da ƙarfi, “A'a. Sake, Halilu.” In sake. Wani lokaci in tsaya in yi wa kaina faɗa, wani lokaci in kauce in yi sharhi a kan tumbin Alhaji Chindo, don murya ta saki.

Ba a jima ba wayar ta ce katin ya cika. Na tafi kasuwa wurin Ɗan'azumi, wanda ke da rumfa da kwamfuta da janareta da lasifika mai fasa kunne, yana zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi da finafinai a katinsu. Tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci. Ya miƙe ya gaishe ni da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba lokacin da yake da dalilin yi. Na ce a kwashe abin da ke ciki, ina son wuri. Ya zare katin ya soka a kwamfuta, ya ce an wanke, ya ƙi karɓar ko sisi. Na tafi ina cewa ashe tarbiyya ba ta ɓacewa.

To, ranar Larabar. Na sa shaddata ruwan toka wadda Saude ta ba da aka ɗinka mini, na goga turare, na tafi bayan la'asar da magana a shirye, wadda na sha gyarawa har ta yi santsi. Badi'a na ninke atamfa. Muka gaisa, na tambayi kasuwa, na gyara murya.

“Badi'a, ni ba ni da mota.”

Ba ta ɗago kai ba. “Amma kana da inuwa,” in ji ta. “Dogonyaro biyu a tsakar gida, ba mai zama ƙarƙashinsu sai awakin maƙwabta.”

Har awakin. Awakin nan sai a gyara na ƙarshe na saka su.

Na tambaye ta a ina ta ji wannan. Ta ce Alhaji Chindo ne ya faɗa mata shekaranjiya, kuma motarsa na ƙofar gida lokacin da yake cewa ba shi da mota, direban ma bai kashe ta ba. Kafaɗunta suka fara rawa. Ni ban ga abin dariya ba. Na sha zoɓon, na yi mata bayanin bambancin geron bana da na bara, na tashi.

Masu karatu, ni mutum ne mai karatu, kuma wannan shi ne abin da ya cuce ni. Jahili da ya ce aljanu ne, ya nemi rubutu ya sha, ya huta. Ni kuwa na taɓa karantawa a wata jaridar Faransanci cewa akwai wani abu da ake turo wa waya daga nesa, ta cikin iska, ya shige ya zauna, ya mai da ita kunne. Mai ita na barci tana saurare, ko a kashe take. Da na koma gida na ajiye wayar a kan tebur na zauna nesa da ita muna kallon juna.

Daga ranar sai alamu suka yi ta fitowa. Tana yin zafi a aljihu. Batir na ƙarewa kafin magariba. Fuskarta na haskawa ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. In na ajiye ta kusa da rediyo sai rediyon ya kama wani gurnani kamar ana buga waya a cikinsa. Mafi muni, wata safiya ina tsugune a bayan gidana, a cikin ƙasata, sai saƙo ya shigo yana yi mini barka da zuwa Nijeriya. Na san kowa a Konni na samun irin wannan saƙo in iska ta juyo daga kudu. Amma kowa ba ya takara da mutumin da rabin motocinsa ke kwana a tsallaken iyaka.

Na kai maganar wurin abokina Ahmadu, tsohon jandarma, wanda muke zama da shi a ƙofar wani mai shayi. Ahmadu ya yi aikinsa duka a bakin shinge yana leƙa amalanke, amma tun da ya ajiye kaki yake magana kamar shi ke riƙe da asirin ƙasa. Wayarsa irin ta da ce, mai tocila, ba kati, an ɗaure ta da roba. Ya saurare ni idonsa a lumshe. Sannan ya sa hannu a baki, ya karɓi wayata da bakin rigarsa, ya kai ta bayan wani buhun gawayi, ya dawo.

“An shige ta,” in ji shi. “Mun ga irin wannan.”

Na tambaye shi a ina suka gani. Ya ce ba a ba shi izinin faɗi ba.

Ya yi mini bayani cewa abin kamar ƙuma yake. In an wanke waya tana yin kwana biyu tsaf, kafin su sake turo wani. Don haka dabarar ita ce in yi maganata da zarar an wanke, in haddace, in mayar a sake wankewa kafin su farga. Sauran lokaci kuma in sa ta a tukunyar ƙarfe in rufe, don iska ba ta ratsa ƙarfe. Ya ce in daina ambaton sunaye. Kuma in ina gaban matar, wayar na jikina, kada in faɗi abin da ba zan so a karanta a rediyo ba.

Zan gaya muku wani abu da ban gaya wa Ahmadu ba. A ƙarƙashin tsoron akwai daɗi. Shekara da shekaru ina magana gaban yara suna kallon taga. Yanzu ga wasu mutane a wani ɗaki mai sanyi, wataƙila a Legas, sun sa abin ji a kunne, an biya su don su saurari Halilu. Na fara kula da nahawuna.

Na bi shawarar Ahmadu kamar umarnin likita. Wayar ta koma kwana a tukunyar da Saude ke dafa tuwon sallah. Karima ta yi ta kira ba ta samu, har ta aiko a duba ko na mutu. Da na kunna na tarar da saƙonni sun taru: “Baba lahiya?” “Baba ko kun yi hwaɗa da Inna?” “Baba wallahi in ka ɓata wannan ba ruwana.” Na amsa mata da kalma biyu, “Ba sharhi.” Akwai saƙon Badi'a guda ɗaya a tsakiya, gajere kamar yadda take rubutu: “Mushe, an kawo sabon turare, in kana wucewa.” Na duba shi na sake dubawa. Na amsa, “An gani.” Ina alfahari da wannan amsa a lokacin. Ba abin da maƙiyi zai tsinta a ciki.

A wajen shiri kuma na canja sunaye. Badi'a ta zama Madam Sufeta, don sufetar makarantu ce kaɗai macen da na taɓa jin tsoro a wurin aiki. Alhaji Chindo ya zama Buhun Albasa. A da ba na zuwa wurin Ɗan'azumi sai kati ya cika, yanzu sai na koma zuwa duk bayan kwana biyu-uku. Yaron kirki. Yana hango ni zai ture masu jira, ya share mini benci, ya aika a sayo mini ruwan sanyi. Wata rana da na yi jinkiri har gida ya aiko a tambaya ko lafiya, ko wayar ba ta buƙatar wanki. 'Yan kabu-kabu da ke tsaye a bakin rumfar su ma suka fara gaishe ni da fara'a, wasu har da cire hular kwano. Na ce a raina, a ƙarshe garin nan ya gane darajar malami.

Amma abin bai tsaya ba. Duk maganar da na gyara, in na je sai in tarar Alhaji ya riga ni sauke ta. Na shirya wata a kan yadda ɗankwalinta ke karkacewa kamar jinjirin wata, ya kai mata. Na shirya wata a kan shayi da ba ya daɗi in mutum ɗaya ne, ya kai mata, shi da ba ya shan shayi saboda sukari. Badi'a ta ce ranar nan ma ya kira ta Madam Sufeta, ta tambaye shi wace ce haka, ya ce shi ma bai sani ba, amma yana jin yabo ne.

Sai wata safiya ina tafiya gidan mai shayi, wani ɗan kabu-kabu na ta dukan babur ɗinsa ya ƙi tashi. Ya taka, ya mutu. Ya taka, ya mutu. Abokinsa daga tsallaken titi ya ɗaga murya ya ce, “A'a. Sake, Halilu.” Duk tashar ta kwashe da dariya. Na tsaya cak. Ba su ma gan ni ba. Kafin mako ya zagayo na ji ta a bakin mai nama da wuƙarsa ta goce, na ji ta a bakin wata mata da ɗanta ya faɗi yana koyon tafiya. Na ji yara na bin motar Alhaji Chindo suna kiran Buhun Albasa.

Na ruga wurin Ahmadu. Ya ce abin ya fi yadda ya zata, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, ƙungiya ce, sun shiga gari. Ya ce in ƙara yawan wanki.

Na ƙara.

Zuwana wurin Badi'a kuwa ya koma kamar ziyarar asibiti. Ba na iya barin wayar a gida, don Ahmadu ya ce in sun ga ba ta motsi za su gane na gane. Ba na iya magana kuma tana aljihuna. Sai in zauna a kujerar roba, hannuna dafe da aljihu, in ce an yi ruwa jiya. Ta ce an yi. In ce da alama za a ƙara. Ta dube ni ta saman tabarau, ta jira, ta jira, sannan ta koma ninkin atamfa. Wata rana ta tambaye ni kai tsaye ko akwai abin da nake son gaya mata. Na nuna aljihuna da ido, na girgiza kai, na ɗora yatsa a leɓe. Ta tambaya ko ciwon zuciya ne. Na ce ba sharhi.

Ana saura 'yan kwanaki azumi ta aiko mini da saƙo mafi tsawo da ta taɓa rubutawa: “Mushe, Yaya Maikano ya zo daga Tajaye, ransa a ɓace. Ka zo yau bayan la'asar. Ka zo da bakinka.”

Na biya ta kasuwa aka wanke wayar tukuna, sannan na wuce. Ta yi kwalliya irin wadda ban taɓa gani ba, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, mayafi fari, lalle sabo a hannu, ba tabarau. Ba atamfar sayarwa ko ɗaya a zauren, ta kwashe. Daga cikin gida ina jin tarin namiji.

Ba ta bari na kai ga zancen ruwan sama ba. Ta ciro wayarta daga jaka, ta latsa, ta ajiye a tabarma tsakaninmu. Aka fara da ƙarshen wata waƙar biki. Sai shiru. Sai kukan akuya. Sai wani tsoho mai murya kamar ƙofar langa-langa ya gyara murya ya ce, “Madam Sufeta, na daɗe ina...” ya yi tari, ya ce, “A'a. Sake, Halilu.”

Ban taɓa jin kaina daga wayar wani ba. Na fi haka tsufa ashe.

Ta ce wannan shi ne kashi na bakwai, ita ta fi son na huɗu. Ta ce a rumfar Ɗan'azumi ake samu, duk wanda ya kai kati a zuba masa waƙa sai a tambaye shi ko a haɗa da Mushe. Ai haka sana'ar take, in ji ta, duk abin da ya shigo a katin mutum sai ya kwana a kwamfuta, da shi ake cika na wani. In ba haka ba ina za su samu kaya? Ta ce direbobin Alhaji sun kai ni har Malbaza da Alela, ana saka ni a mota in tafiya ta yi nisa. Alhaji kansa ba ya jiran na kasuwa, yana aikawa a karɓo masa da zafinsa. A Tajaye kuma Maikano ya ji ni a wurin suna, an ƙure ƙara, mutane na ta gardama ko wace ce Madam Sufeta, har wani ya tuna cewa a na farko da na biyu sunanta na gaskiya aka faɗa.

Na ce mata wannan bai kore batun kutse daga nesa ba, abubuwa biyu na iya faruwa lokaci guda. Kafaɗunta ba su yi rawa ba.

“Mushe, tun ranar hwarko na san ba maganar Alhaji ba ce. Mutumin da ko gaisuwa sai ya haɗa da kuɗin buhu? Na saurare su duka, wasu har sau biyu. Amma da buta kake magana, ba da ni ba. In ka zo nan sai ruwan sama.” Ta waiwaya wajen ƙofar cikin gida, ta rage murya. “Yaya ya ce sunana ya gama yawo a tasha, Juma'a za ya ɗaura, ko da wa. Alhaji ya aiko mutanensa. Na ce a ba ni yammacin nan. Hwaɗa min magana guda da bakinka, wadda ba ta cikin kati. Ko ba ta da kyau. Guda ɗaya, in shiga in gaya mashi.”

Ina da ita. Wallahi ina da ita, tana nan a maƙogwaro, ban taɓa gwada ta gaban buta ba don ba irin wadda ake gyarawa ba ce. Na buɗe baki. Sai na ji wayar ta yi ɗumi a cinyata.

Ku da ke karatu a zaune cikin kwanciyar hankali za ku ce ai an riga an gaya maka inda ɓarakar take. Haka ne. Amma mutum ba ya yin makonni yana tsoron abu ya daina a cikin minti guda don kawai an nuna masa gaskiya. Na ce a raina, wannan guda ɗayar dai ba za su same ta ba, ko su wane ne. Na ɗaga mata hannu alamar ta dakata, na ciro wayar don in cire batir.

Murfin ya ƙi buɗewa. Kullum Ɗan'azumi ke buɗe shi, da wani ɗan ƙarfe. Na danna da babban yatsa, na tura, na juya ta, na gwada da farce har ya karye. Gumi ya fara sauka a kan shaddar. Badi'a na kallona, hannuwanta masu lalle a kan gwiwa. Na sa haƙori. Na ji tarin Maikano ya matso.

“Ko kina da 'yar wuƙa?” na ce. “Ko cokali.”

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ɗauki wayarta daga tabarma, ta gyara mayafi, ta tashi ta shiga ciki.

Na zauna ina jiran cokali. Da gaske nake faɗa muku, jiran cokali nake yi. Har na samu dabara na sa makullin gida, murfin ya yi tsalle ya faɗa bayan akwati, batir ya faɗo a tafin hannuna. Na gyara hula, na gyara zama, na fuskanci ƙofa. Wanda ya fito Maikano ne, dogo, busasshe, da carbi. Ya ba ni hannu da ladabi, ya tambayi gwiwa, ya ce Badi'a ta ce a gaishe ni, a kuma gode da zuwa. Ya raka ni har titi. A bakin ƙofa ya ce shi dai ba ya son abin da ya faru, amma tsakani da Allah na huɗun nan ya yi ma'ana.

An ɗaura aurenta da Alhaji Chindo ranar Juma'a. Ban je ba, na ji dai an yi abinci da yawa, kuma da liman ya yi tuntuɓe wajen faɗin sadaki wani daga baya ya faɗi abin da kuka sani, aka yi ta ƙoƙarin danne dariya.

Na je wurin Ɗan'azumi da niyyar in yi masa abin da ban yi masa ba a aji. Ya share mini benci. Ya ce, “Mushe, cewa ka yi in wanke, ba ka ce in zubar da ruwan ba.” Ya ƙara da cewa mutane na ta tambayar na gaba, ko akwai wani abu a katin. Ahmadu kuma har yau yana kan bakansa, ya ce Ɗan'azumi ɗan aike ne kawai, manyan na can tsallake, kuma auren ma cikin shirin yake. Karima ta yi mako ba ta rubuto ba, sannan ta turo: “Baba akwai wata a nan Malbaza, ba ta da waya.”

Wayar tana cikin tukunya, batir ɗin yana kan tebur. Na zo gidan intanet na biya na zauna ina buga wannan da yatsa biyu, don tunda kowa ya ji ni a bakin wasu, gara a ji ƙarshen a nawa. Badi'a ba ta karanta irin waɗannan shafuka, Alhaji kuma ba ya karanta komai, don haka a nan ba wanda zai ɗauka ya kai mata. Maganar nan guda da ta roƙa ban faɗa ba, ba ta da awaki, ba ta da jinjirin wata, da ɗalibi ne ya rubuto mini ita da na ce ya ƙara ƙoƙari. Ga ta yadda take:

Badi'a, tun da aka binne Saude a tsaye nake cin abinci, a bakin murhu, kamar ɓarawo a gidana. Ki zo, ko na samu in zauna.